Ampilin Ahmudu da Jiƙaƙƙiyar Ƙasa

Ran Lahadin da ta wuce wani saurayi ya zo karɓar ampilinsa, akwatin nan mai ƙara wa gita murya, a shagona, nan bayan kasuwar Tawa. Aikin na gama shi tun jajibiri, na auna da mita, komai daidai. Amma kafin in miƙa masa sai na yi abin da na saba. Na tuɓe takalmi, na ɗauki buta na jiƙa daɓe, na jiƙa hannu, na kunna ampilin, na tsaya cikin danshin na taɓa ƙarfensa da bayan hannu, sannan na damƙe shi. Ku masu gyaran salula a rumfar da ke kallon tawa, na ji dariyarku sarai. Ɗayanku ya ce, "Baba Illa ya hwara tsahi." Wani ya ce alwala nake yi wa ampili. Kunnen hagu ne ya yi mini nauyi, na daman lafiyarsa lau.

Na san yadda kuke ɗaukar aikin nan. Kun ga wani a cikin waya ya haɗa ampilin kwalba kafin shayi ya tafasa, sai kuka ce ai liƙe-liƙen waya ne kawai. To bari in ba ku labarin jiƙa daɓen. Ba na jin daɗin ba da shi, shi ya sa ban taɓa ba ku ba.

Wurin Malam Cindo na koyi aiki, shekara bakwai. Rediyon lokacin kwalabe ne a ciki, in ka kunna sai ka jira su yi ja kafin murya ta fito. Ƙarfen liƙinmu a garwashi muke gasa shi, ka ɗauko da sauri ka narka dalma kafin ya huce. Kayan aikinsa duka ba su cika jakar fata ɗaya ba: turnabis uku na kwance kusoshi, almakashi, mita mai allura wadda gilashinta ya tsage, da ƙwan lantarki guda da ya liƙa wa waya biyu don gwajin kuran, wato wutar lantarki. Ba ya yawan magana. In ya ga na sa hannu biyu cikin rediyo a kunne, da ƙotar turnabis yake ƙwanƙwasa mini gwiwar hannu. Hannu ɗaya a ciki, ɗaya a bayanka. Har yau haka nake aiki.

Shi ya nuna mini rediyo iri biyu ne. Akwai mai nauyi, mai babban turansufo a ciki, wanda ke raba kuran ɗin bango da ƙarfen da aka dasa kwalaben a kai. Akwai kuma marar nauyi, wanda muke ce wa tukuran, shi babu turansufon nan, ɗaya daga wayoyin bango kai tsaye take zuwa jikin ƙarfen. In ka soka fulogi ta wannan fuska ƙarfen lafiya lau, in ka juya shi ƙarfen ya ɗauki kuran gaba ɗaya. Amma ba ya cutar kowa, don yana rufe cikin akwatin katako, maɓallansa na roba, mai shi yana can kan tabarma yana saurare. Ku riƙe wannan, nan ne gindin maganar.

Shekarar da Malam Cindo ya tattara ya koma ƙauyen Bambai noma, ita ce mafi munin da na gani a sana'a. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, mutanen ƙauye sun daina shigowa da komai. Ga ƙananan rediyo masu batir sun cika kasuwa, in ɗaya ya lalace sai a ba yara su yi wasa a sayi wani. Malam Cindo ya bar mini shago da jakar kayan aikinsa da tarin matattun rediyo har rufi. Sai in buɗe da safe, in share, in zauna, in tashi, in leƙa titi, in dawo in kwance rediyon da ba mai shi in sake ɗaure shi. Ni mutum ne da zama ba aiki yake sa wa ƙaiƙayi. Na kwance wani rediyon sau huɗu a mako guda.

Cikin wannan rani Ahmudu ya shigo. Dogo ne, makiyayi daga arewa da Tebaram, Tamashek ne harshen gidansu amma Hausarsa ta Adar ce tsantsa. Gita na rataye a bayansa cikin buhu, a hannu kuma rediyo mai kaset wanda ya huda ya zura wayar gitar a ciki. Da shi yake kiɗan biki a daji. Lasifikar ta yage, in ya kaɗa sai ka ce an taka kwaɗo.

"Kai na Illa mai rediyo?"

Na ce ni ne.

"Can wurin da nit tahi neman aiki arewa, na ga wani akwati mai kwalabe a baya, suna ja awa garwashi. In an kaɗa gita ciki, murya tana hitowa da kauri. Ka iya yi min irinai?"

Ban taɓa ganin ampilin gita da idona ba. Na ce na iya.

A bayan takardar buhun siminti na zana shi. Kowane rediyo yana da ɓangaren da ke ƙara murya, shi na yi niyyar cirowa in ƙarfafa. Kwalba uku: ɗaya ta miƙar da kuran, ɗaya ta ɗaga siririn sautin gita, ɗaya ta tura shi cikin lasifika. Lasifikar daga tsohuwar motar tallan magani na samo ta, faɗinta ya kai faifai. Kafinta ya haɗa mini akwati da katakon kwalin shayi, na rufe fuskar da ƙyallen saƙi. Saura babban turansufo. Guda ɗaya gare ni a cikin tarin kuma ya ƙone. Sake naɗa shi sai da siririyar wayar tagulla, wadda daga Sakkwato ake kawo ta, shekarar nan kuwa na tambayi duk direban da ke bin Ƙonni, ba wanda ya samo. Sati biyu ina jira, hannuna na ƙaiƙayi. Sai na ce da kaina, yo tukuran nawa na gyara a rayuwata, wa ya taɓa mutuwa? Na haɗa shi ba turansufo.

Na farkon da na haɗa gurnani ya yi yawa, ko ba a kaɗa komai ba yana ta ruri. Na ajiye shi kan teburi na sake wani, na raba wayoyin da ke zafafa kwalabe da na sauti, na gajarta su, na canza kwalba har sau biyar ina saurare da kunne. Ahmudu ya zo Lahadi uku a jere. A ta ukun ya zauna kan bencin katako, takalmin taya a ƙafarsa, daɓe a bushe ƙamas, ya soka waya ya ja tsirkiya ɗaya. Masu sayar da albasa na bakin titi sai da suka waiwayo. Ya murɗa maɓalli har ƙarshe, muryar ta yi kauri ta ɗan dishe, ya rufe ido ya yi ta kiɗa har aka kira azahar. Ni kuwa ina tsaye ina jin kaina wani abu.

Da ya sauke ƙafa ɗaya daga cikin takalmi zai tashi, sai ya yarfe hannu.

"Tana ɗan tsikarin yatsa."

Na zare fulogi na juya shi. Ya taɓa, shiru. Na ce, "In ta yi maka haka, juya fulogi kawai." Wannan ita ce duk nasihar da na ba shi. Ban tsaya na lura cewa tsirkiyar gita, ta cikin wayarta, a haɗe take da ƙarfen ampili ba. Ko kuma na lura na kau da kai, wannan ya fi kusa da gaskiya. Rediyo daga nesa ake sauraronsa, gita kuwa rungume ta ake yi. Ni kuma mai rediyo ne.

Da zai ɗora akwatin kan mota ya ce mini akwai ƙananan bukukuwa a rani, amma babba sai damina, in ciyawa ta fito dangi sun taru a bakin wani tabki arewa da Tebaram. Ɗan yayarsa ne ango. Ya ce, "Ranan na za a ji aikinka, Illa."

Wata huɗu ban ji ɗuriyarsa ba, na ɗauka lafiya ce. Sai ruwa ya sauka Tawa, na uku a shekarar, mai ƙarfi, da hantsi. Rufin shagon ya yi yoyo, daɓen ƙasa ya jiƙe. Na yi alwalar azahar a bakin ƙofa, na shigo ba takalmi, na ga ruwa na ɗiga kusa da ampilin farkon nan da na ajiye, wanda na mayar abin gwajin lasifika, yana kunne. Na miƙa hannu in ja shi gefe.

Ban san yadda aka yi ba, na dai tsinci kaina a jikin ƙyaure, haƙorana sun datse harshena, hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Abin da ya cece ni, faɗuwar da na yi ta fizge fulogin. Ina zaune a ƙasa ina tofar da jini, sai Ahmudu ya faɗo mini a rai. Irin wannan sak yake ɗauke da shi. Kuma na san yadda ake kiɗa a daji: tabarma a kan rairayi, takalmi a gefe don ba a hawa tabarma da shi, yatsu biyar a kan tsirkiya. Na san wayar gurup ɗinsu ma, injin da ke ba su wuta a daji, guntu-guntu ce aka ƙulla aka naɗe da leda, tana kwance a ƙasa. A rani rairayi busasshe ne, ba ya ɗaukar kuran, shi ya sa ya sha. Yanzu ƙasa ta jiƙe.

Ya kamata in kama hanya a ranar. Ban kama ba, kuma wannan yinin har yau yana ci mini rai. Na zauna ina lallashin kaina: ƙila can ba a yi ruwa ba, ƙila gurup ɗin ba shi da ƙarfi, ƙila zai juya fulogi. Lokacin ba salula. Akwai sanarwa a gidan rediyo, har na je bakin ƙofar na tsaya, sai na ji a kunnena ana karanta wa Adar duka cewa kayan Illa na kisa, na juyo. Na dawo gida na kasa cin tuwo, na fita tsakar gida, na shiga ɗaki, na sake fita. Da na gaya wa mai ɗakina abin da ke akwai, ba ta ko ajiye muciya ba.

"Malam, ka san abin na kisa, to mi kaka jira?"

Da sassafe na ɗauki jakar fata na tafi tasha. Motar ƴan kasuwa mai zuwa Takanamat ta ƙi cika sai hantsi. Ina sauka ina hawa, har direban ya ce in ina da tsutsa ne in faɗa masa. Rabin hanya muka tarar ƙorama ta kawo, motoci biyu na tsaye. Aka ce sai ruwa ya janye, ƙila gobe. Na yi jiran da zan iya, wanda bai fi shan shayi biyu ba, sannan na ɗora jaka a ka na bi wasu masu jakuna muka ratsa, ruwa har ƙugu. A tsallake na samu amalanke, daga baya wata motar gawayi. A Takanamat na kwana a rumfar wani maƙeri, in kwanciya da ido biyu kwana ne.

Na isa Tebaram washegari da rana tsaka. A bakin rijiya na tambayi bikin dangin Ahmudu mai gita. Wani dattijo ya nuna arewa da sandarsa ya ce, "Yau na za a soma, in rana ta yi sanyi. Jiya anka kai gurup bisa raƙumi." Ya dubi laka a wandona, ya kira ɗan'uwansa mai raƙumi. Ban taɓa hawan raƙumi ba sai ranar, kuma ban ji tsoronsa ba, don kaina na wani wuri. Duk hanya ƙasa a jiƙe take, an yi ruwa da asuba.

Ƙarar gurup na fara ji kafin in ga bukkoki. La'asar ta yi sanyi, mata sun yi da'ira suna tafi, maza na tsaye a bayansu cikin manyan rawuna. A tsakiya ga tabarma, ga akwatina da fuskar saƙi, kwalaben sun riga sun yi ja. Ahmudu na zaune, takalmansa a gefe, diddigensa ɗaya a kan rairayi. Gitar na kwance a tabarma, waya a soke, shi kuma yana kurɓar ƙarshen shayi. Na ga ya miƙa wa wani kofin.

Ban jira raƙumi ya gama durƙusawa ba. Na faɗo, na ruga, na kama wayar gurup na fizge ta daga gindi. Fitilun da aka rataya suka mutu, tafi ya tsaya. Wani ƙato ya shaƙe mini wuyan riga. Ana ta magana da Tamashek, ban ji ko ɗaya ba amma na san ba gaisuwa ba ce. Ahmudu ya taso ya raba mu.

"Illa? Lahiya? Mi yak kawo ka?"

"Kak ka taɓa gitag ga. Akwatin na kisa."

Ya yi ƴar dariya ya dubi mutane. "Biki shidda nik kaɗa da ita. Ba ta yi min komi ba."

"Rani na. Yanzu ƙasa ta jiƙe."

Kawun ango, wani farin dattijo, ya ce baƙo ya zo daga birni ya ɓata musu taro, in yana da magana ya bari sai gobe, a mayar da waya. Har wani ya sunkuya zai mayar. Na ga baki ba zai fisshe ni ba. Na buɗe jaka na ciro ƙwan gwajin Malam Cindo, na roƙi dattijon aron wuƙar da ke damtsensa. Ya zare ya ba ni. Na kafa ta cikin rairayi daidai inda diddigen Ahmudu ya bar gurbi, na ɗaure waya ɗaya a jikinta, ɗayar na maƙala a tsirkiyar gita. Na ce kowa ya ja baya, a mayar da kuran.

Ƙwan bai yi haske sosai ba. Zaren cikinsa ne ya yi ja a hankali, ya tsaya a jan. Amma duk wanda ke wurin ya gani, fitila ta kama tsakanin tsirkiyar gita da ƙasa, ba komai a tsakani sai inda mutum zai zauna. Wata tsohuwa ta yi salati. Ahmudu ya daɗe yana kallon ƙwan, sannan ya dubi tafin hannunsa.

"Ranar da nic ce maka tana tsikarina," ya ce, a hankali, ba faɗa, "ka san da wanga?"

Zan iya cewa ban sani ba, ba mai ƙaryata ni a wurin. Na ce, "Na san ana raba su da turansufo. Ban samu waya ba, kuma ban iya jira ba."

Ya gyaɗa kai. Ya zare wayar da kansa bayan an kashe gurup, ya zauna ya kaɗa gitar haka nan ba ampili, na kusa suka ji, na baya suka yi ta matsowa. An ba ni nono da nama, an shimfiɗa mini tabarma, ba wanda ya sake yi mini maganar. Wannan karamcin ya fi mari zafi. Da safe na ɗaure akwatin a raƙumi na ce wa Ahmudu zan gyara, in na gama ya zo ya karɓa.

Wayar tagulla ta iso bayan girbi. Na naɗa turansufon da hannu, ina ƙirga zagaye da tsakuwa a cikin gwangwani, ina shimfiɗa takarda mai kakin zuma tsakanin kowane hawa, kwana tara. Da na gama na auna da mita, na gwada da ƙwan, sannan na ga duk wannan bai ishe ni ba. Na tuɓe takalmi, na jiƙa ƙasa, na kama ƙarfen da hannuna. Ranar ce ta farko da na jiƙa daɓe.

Ahmudu ya ci gaba da zuwa Tawa ran Lahadi in ya kawo dabbobi. Yakan zauna a bencin nan, mu sha shayi, wani lokaci ya kawo mini cuku. Yakan ɗaga kai ya dubi akwatin a kan kanta ya ce, "Yana lahiya?" In ce lafiya lau, ɗauki abinka. Ya ce sai wani zuwa. Na ji labari ya koma kiɗa da ƙaramin ampili mai batir, mai murya kamar gwangwani. Shekara ta zagayo, wata ta zagayo. Ran nan na kasa haƙuri, na sauko da shi, na jiƙa daɓe a gabansa, na tsaya ba takalmi na rungume ƙarfen da hannu biyu. Na ce ya gani da idonsa.

"Na gani, Illa," ya ce. "Ni na yarda ka gyara shi. Hannuna na bai yarda ba."

Ga shi can sama, bayan tsohuwar fankar nan, mai fuskar saƙi. Duk damina nakan sauko da shi in kunna don kada danshi ya ci shi, kuma cikin duk abin da na haɗa babu mai muryarsa. Fiye da shekara ashirin ke nan bai ciji kowa ba, ba kuma wanda ya kaɗa shi. Wanda ya ce yana son in koya masa haɗa ampili a cikinku, ya zo gobe da safe, ƙofa a buɗe take. Butar tana bakin ƙofa, takalminsa kuma ya bar shi a waje.